Baffa Sambo da Motar da Ba Ta Taɓa Ƙin Ruwa Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ƙorama da damina, tsakanin Tajaye da Badaguishiri, yana jiran ruwa ya janye, ya san abin da zan faɗa. Motoci sun yi layi, direbobi sun sauka, wani ya hura gawayi ya ɗora shayi, mata sun shimfiɗa zane ƙarƙashin aduwa. Sai a jiyo ƙarar fasasshiyar salansar mota daga nesa, kowa ya ce, "To, ga Baffa Sambo nan." Shi ba ya bin layi. Zai ratsa ta gefe har sai tayoyin gaba sun taɓa ruwa, ya ja birki, ya tura malafa ƙeya, ya fiddo hannu ta taga ya daddaɓa ƙofar mota, ya ce, "Karsana, mi kinka gani?" Sai ya ba ta wuta, ya karkata kunne. Mota ta yi gurnani. Ya juyo ya dubi jama'a, fuskar nan cike da fara'a, ya ce, "Ta yarda." Shi ke nan, sai cikin ruwa.

Ho Baffa! Allah ya jiƙan ka. Tun da muka dawo daga maƙabarta nake son in yi zancensa, kuka na hana ni. Yau da muka zauna a fadar nan tamu ta hira, ga shayi ga ku, bari in yi.

Ni Sahabi bakanike, ai kun san babu wanda ya ga cikin motar nan kamar ni. Kuma ba a gareji muka san juna ba. Tun ina ƙarami shanunsa ke kwana gonar babana bayan girbi, su ci kara su bar mana taki, don haka Baffa nake ce masa, shi kuma bai taɓa kira na da sunana ba, sai Kaɗo, yadda Fulani ke tsokanar Bahaushe. Ranar da ya shigo garejina da tsohuwar bashe, a-kori-kura fara mai tabon tsatsa ko'ina, ya ce ya saida wasu shanu ya saye ta don ɗaukar tumaki da masu nono zuwa kasuwa, na zagaya ta na ce, "Baffa, wannan ai ta girme ni." Ya ce, "Rufa baki, Kaɗo. Karsana ce, ko haihuwar fari ba ta yi ba." Sunan da ya bi ta ke nan har ƙarshenta.

Ga yadda ya ɗauki abin. Shi cikin shanu ya tashi, kuma makiyayi ba ya auna ruwa da ido. In garke ya iso bakin gulbi, akwai saniya guda mai jan gaba, ita ake bari ta matsa ta sunsuna. In ta shiga, kowa ya bi ta. In ta tirje, ko wane ne kai sai ka koma ka nemi wani mashigi, don ba a tilasta wa saniya ruwa. Wannan gaskiya ne, na sha gani da idona. Inda Baffa ya kauce hanya shi ne da ya ɗora wa mota wannan aikin. Na ce, "Baffa, mota fa ba ta da hanci." Ya nuna gaban motar da sanda, ya ce, "To wanga mai ramuka-ramuka mi ne ne?" Na ce nan iska ke shiga. Ya ce, "Kai naka hancin mi ke shiga?"

Abu guda dole a yaba masa, bai taɓa shiga ruwa da ran wani ba. Kafin ya tambayi Karsana sai ya sauke kowa. "Ku sauka, ku sauka, ba a hawan dabba cikin ruwa." Mata su sauke ƙoransu su zauna jira tare da sauran mutane, shi kaɗai ya faɗa. Shi ya sa muke iya dariya yau.

Wadda ba ta taɓa dariyar abin ba ita ce Inna Dije, matarsa. Ranar da mota ta iso ruga, ta tsaya ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Ka saida naka, ban hana ka ba. Amma Wule tawa ce." Wule jikar saniyar da mahaifinta ya ba ta ce lokacin da aka kawo ta, sunan na bin jinin daga uwa zuwa ɗiya. Da nonon Wule ake dama furar gidan, da shi take zuwa kasuwa ta sayo gishiri da sabulu. Ta ce, "Ranar da igiyar Wule ta shiga hannun dillali, ranar nan ni ma sai gidan yayyena a Tajaye, kuma ba na dawowa." Ta faɗa sau ɗaya, ba ta sake ba. Wanda ya san Inna Dije ya san ba ta maimaita magana. To ku riƙe wannan, don kowace shiga ruwa da Karsana ta yi, sai wata dabba ta bar garke don biyan gyara, kuma kullum layin matsowa yake kusa da Wule.

Shigarta ta farko da ta zo hannuna ranar kasuwa ce. Ruwan bai yi hauka ba, amma ya kai cinyar babban mutum. Karsana ta yarda, ta shiga da gudu, ta turo ruwa gabanta har ya hau kan inji, tsakiyar ƙorama ta yi tari ta mutu. Ku direbobi kun sani, motar da ta shaƙi ruwa ba a murɗa mata makulli. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in fistan ya taso ya tarar da shi sai wani abu ya lanƙwashe a ciki. A jawo ta waje, a kwance buji, wato filogi, a fidda ruwan, sau da yawa ta tashi lafiya lau. Baffa fa? Ya murɗa, ya murɗa, ya sake murɗawa, har mutanen bakin gaɓa suka ji ƙas! Da abin ya ƙi, ya diro cikin ruwa, ya zagaya baya, ya kama salansa kamar wutsiyar saniya yana ɗagawa yana "Hayya! Tashi! Tashi mana!"

Da shanun amalanke aka jawo ta har ƙofar garejina. Na ce, "Baffa, don Allah mi ya kai ka murɗa makulli?"

Ya ce, "Saniya in ta kwanta cikin ruwa bari nata ake? Tada ta ake."

Na zaro sandar auna baƙin mai. Maimakon baƙi sai ga shi fari, ya yi kauri, ruwa ya gauraye da shi sarai. Na miƙa masa don ya ga ɓarnar da ya yi. Ya sa yatsa ya lakato, ya murza, ya ɗaga wa rana. Sai na ga idonsa ya kawo haske.

"Allahu akbar! Kaɗo, ka gani? Ta fara nono!"

Na ce, "Baffa, wanga nonon bijimi guda zai ci." Kuma ya ci, don kasuwar da ta biyo baya jan bijiminsa ya tafi.

Kuna tsammanin ya ji? Ina! Daminar ba ta ƙare ba ya sake. Wannan karon, ikon Allah, ta ƙetare. Ya fito ɗaya gaɓar ruwa na zuba daga kowace kafa, ya fiddo kai ta taga yana yi wa direbobin da ke jira kirari, "Ku sha shayinku, matsorata!" Bai san birki in ya jiƙe sai an tattaka shi a hankali ya bushe kafin ya kama ba. Na faɗa masa kuwa, ya ce ƙafar saniya ba ta buƙatar shanya. Hanyar nan kun san ta, tana hawa kaɗan sannan ta gangara ta yi kwana daidai gonar Malam Nomau. Ya taka birki, babu. Ya sake takawa, ƙafa ta kai ƙasa. Waɗanda suka gani sun ce ya saki sitiyari da hannu ɗaya yana bugun ƙofa yana "Hoo! Hoo! Tsaya, ke!" Karsana ta bar hanya ta shiga gero, geron nan ya fidda kai gwanin kyau, ta kwantar da shi layi guda dogo, sai da wani kututture ya tare ta ya fasa mata radiyato da fitila.

Malam Nomau ya zo a guje, fartanya a kafaɗa, yana cewa sai an kira jandarma. Baffa ya sauko, ya gyara malafa, ya ce, "Wane jandarma? Wanga ɓarna ce. Dabba ta shiga gona, sai a tahi wurin mai gari." Mai garin ƙauyen kuwa mutum ne mai son nishaɗi. Ya saurari kowa, ya ce, "Sambo, ka tabbata dabba ce?" Ya ce ya tabbata. Mai gari ya ce, "To dabbar da ta yi ɓarna ƙofar gidana ake ɗaure ta, sai dattawa sun duba gona an biya." Wallahi Baffa bai yi musu ba. Aka turo mota har ƙofar gidan mai gari, shi da kansa ya kafa turke, ya ɗaura igiya a ƙarfen gaba, ya gwada ƙullin, ya saɓa sanda ya koma ruga da ƙafa. Washegari da hantsi ya zo duba ta. Ya zagaya, ya shafa mata baya, ya juya wurin mutanen gidan ya ce, "Na gode da riƙo. Amma kar a ba ta ruwa, ta sha jiya."

Karsanar gaske, mai ƙafa huɗu, ita ta tafi a wannan, rabi ga geron Malam Nomau rabi ga radiyato.

Sai zancen tsumulmularsa. Baffa zai saida bijimi don inji bai ji komai ba, amma ka ce ya sayi ƙaramin abu, sai rigima. Wata rana na nuna masa wayoyin wuta, na ce in ruwa ya taɓa nan mota mutuwa take, ko da bai shiga inji ba. Ya ce mi ke hana ruwa taɓawa? Na ce a ɗan shafa giris a bakin wayoyin, amma abin da ya fi shi ne kar a shiga. Rabin maganar na ƙarshe bai ji ba. Ya ce, "Giris ɗin na saye ne?" Na ce na saye ne. Ya ce, "Sai an jima."

Ashe gida ya tafi ya ɗauke man shanun da Inna Dije ta tara don kasuwa, ƙwarya guda cur. Ya shafe wayoyi, ya shafe buji, ya shafe kan batir, abin da ya rage ya bi bakin ƙofofi da shi. Kai jama'a! In inji ya yi zafi, ƙamshin soye ke tashi, karnuka su biyo mota tun daga ruga har bakin kwalta. Ba a daɗe ba ɓeraye suka samu labari, suka tare cikin injin, suka cinye man suka haɗa da robar wayoyin. Daga nan Karsana ta rikice. Ka kunna fitila, oda ta yi kuka. Ka danna oda, abin share gilashi ya kama aiki. In hadari ya haɗu iska ta yi danshi, ita kaɗai a tsaye ba kowa ciki sai ta dinga kuka. Na ce, "Baffa, ka ji abin da man shanunka ya jawo." Ya ɗaga mini hannu in yi shiru, ya saurara, ya ce, "Ta ji ƙamshin ruwa. Dabba mai hankali ke nan."

Inna Dije da ta zo wucewa ta gaban gareji da ƙwarya a ka, ba ta dube shi ba, ni ta yi wa magana. Ta ce, "Sahabi, ka tambayar mini shi, a wane garke ya taɓa ganin saniyar da ke shan mai maimakon ta bayar?" Baffa ya duƙa yana duba taya, tayar da babu abin da ya same ta.

Haka aka yi ta yi, damina bayan damina. Da rani Karsana ta yi aiki, ban ce ba ta yi ba, ta kai tumaki Tsarnawa, ta kwaso albasa daga Malbaza, ta kai marasa lafiya asibiti ba ya karɓar ko sisi. Amma duk abin da ta tara da rani, ruwan farko ya tafi da shi ya haɗa da wata dabba. Gaskiya abin ya daina ba ni dariya. In na je ruga na ga turaku babu komai jikinsu, raina ɓaci yake. Na taɓa rantsewa ba zan ƙara taɓa motar ba, sai ya ja ta zuwa wani gareji can nesa, gyaran ya ci dabba biyu maimakon ɗaya. Dole na ci rantsuwata na yi kaffara. Na ce, "Baffa, ruwan ƙoramun nan namu ba ya zama. An yi shi can kan duwatsu, ya zo ya wuce. Kafin a sha shayi na uku ya janye. Mi ne ne a cikin jira?" Ya ce, "In na jira bayan ta yarda, na ƙaryata ta gaban mutane."

Sai ranar babban ruwa. Ina wurin, na je ɗauko wata mota da ta mutu a layi. Ruwan ranar ja ne wur, yana tafe da itatuwa da dannin gonaki, yana wani irin ruri da sai ka ɗaga murya a ji ka. Manyan motocin siminti ma sun kashe inji. Wurin akwai radiye, simintin nan da aka shimfiɗa a gindin ƙorama don mota ta bi, amma ko alamarsa ba a gani. Da na ji salansar Baffa gabana ya faɗi. Na tare shi, na riƙe ƙofa, na ce, "Baffa, don girman Allah, yau dai kar ka tambaye ta." Ya sauke mutane kamar kullum. Ya daddaɓa ƙofa daidai kusa da hannuna. "Karsana, mi kinka gani?" Ya ba ta wuta. Ya dube ni, har da ɗan tausayi a fuskarsa, ya ce, "Kaɗo, ta yarda. Saki."

Ashe ruwa ya cinye gefen radiye ta ƙasa. Ba ta kai tsakiya ba tayar gaba ta rufta, ruwa ya bugi cikinta ya juya ta, ya ɗauke ta kamar ƙwarya. Mata suka sa salati. Allah ya sa akwai wata goruba a ƙasa kaɗan, motar ta je ta maƙale jikinta. Muka ga malafa ta fito ta taga, sannan Baffa, ya hau kan rufi ya zauna, ya gitta sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa kamar mai kiwo. Haka ya zauna har ruwa ya janye aka jefa masa igiya. Da ya taka ƙasa na rungume shi ina kuka ina zaginsa a haɗe, ban san ma abin da nake faɗa ba. Amma da ya buɗe baki cewa ya yi, "Ba laifinta ba ne. Hanyar ce anka ɗauke."

Da aka tono ta, yashi ya cika ta har kujeru, inji ya tsage. Ya ce, "Tana tashi?" Na ce, "Sai dai wani inji daga Ƙonni." Ya san abin da ya rage a garke, ni ma na sani, Wule ce da ɗan maraƙinta. Amma direbobi sun kewaye mu, wani ya ce, "Baffa, yau dai Karsana ta tafi inda ba a dawowa." Aka yi dariya. Nan take ya ɗaga sanda ya ce, "Kafin gero ya nuna za ku gan ta bakin ruwa, in ba haka ba ba Sambo nake ba." Kun san Fulani da magana in ta fita gaban jama'a.

Jajibirin kasuwa na tafi ruga na roƙe shi. Na ce saniyar ba tasa ba ce. Ya ce aro ne, in Karsana ta tashi ya saya mata biyu. Na ce, "Ka manta abin da Inna ta ce?" Ya ce, "Kaɗo, ka gyara ƙarfe, ka bar zancen shanu." Amma bai dube ni ba da yake faɗa. Inna Dije tana gefe tana tatsa, ko kai ba ta ɗaga ba.

Da safe na sake komawa, ko Allah ya sa ya huce. Na tarar har ya sa wa Wule igiya. Muka kama hanya, shi a gaba da saniya, maraƙi na bin ta, ni a gefe ina ta magiya har na gaji. Inna Dije tana can baya da ƙwaryarta a ka, an rufe da faifai, kamar kowace ranar kasuwa. Raina a jagule yake, don da hannuna za a sa injin, kuma na san gidan da zai watse a kansa.

Kafin a shiga gari akwai ƴar ƙoramar nan da ake ƙetarawa. An yi yayyafi da asuba, tana ɗan gudu. Na rantse muku ruwan bai rufe idon sawuna ba. Jakuna na wucewa, awaki na tsallakewa, wata tsohuwa da sandarta ta ratsa ba ta ko ɗage zane ba. Baffa ya shiga, ruwa na wasa da takalminsa. Wule ta zo bakin ruwa ta tsaya cik. Ta kafa ƙafafu, ta juya kai. Ya ɗan ja igiya sau ɗaya. Ko motsi. Masu zuwa kasuwa suka fara taruwa, wani dillali da ya hango saniya mai kyau ya matso yana cewa a buga mata sanda.

Baffa ya fito daga ruwa. Ya dubi ƙorama sama, ya dube ta ƙasa, ya gyara murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Ta ƙi. Ruwan ga yana da mugunta, ta ga abin da ba mu gani ba."

Aka fashe da dariya. Dillali ya ce, "Haba Sambo, wanga ruwan ko kaza ta ƙetare shi!" Ya ce, "To ka sayi kaza. Ni ban taɓa tilasta wa saniya ruwa ba, ba kuma yau zan fara ba." Ya juya akalar Wule ya kama hanyar ruga. Ni kuwa dariya nake hawaye na zuba, ban san wanne ya fi yawa ba. Na ce, "Baffa, injin fa?" Ya ce, "Ka ji abin da anka ce. An ƙi."

Gero ya nuna, aka girbe, ba a ga Karsana bakin ruwa ba. Direbobi suka tsokane shi har suka gaji, yana cewa su je su tambayi Wule. Aka ja motar zuwa ruga aka ajiye gindin wata ƙirya, maruƙa suna shan inuwarta, kaji na ƙwai a ƙarƙashin kujera. Da la'asar sai ka gan shi ya shiga ya zauna, hannu a sitiyari, yana kallon daji. In samarin direbobi suka je gaishe shi, shi ne mai yi musu faɗa su riƙa jira. Na taɓa ce masa, "Baffa, yanzu ka yarda mota ba ta san ruwa ba?" Ya ce, "Kul! Ta sani sarai. Ladabi ne ya yi mata yawa, duk abin da ka ce sai ta ce to."

Wule ta yi ta haihuwa, turaku suka fara cika. Shi kuma Baffa, da duk muka ɗauka ruwa ne ajalinsa, zazzaɓi ne ya kwantar da shi kwana kaɗan da rani tsakiya, ya cika a kan shimfiɗarsa, ƙasa a bushe ƙamas.

Da na je gaisuwa, bayan mutane sun ragu, Inna Dije ta aiko a kira ni. Na durƙusa bakin bukka. Ta ce, "Sahabi, kana tuna ranar da Wule ta ƙi ruwa?" Na ce wa zai manta, Inna. Ta ce, "Ba ƙi ta yi ba. Ni na kira ta." Ashe akwai wani ɗan sauti da take yi a maƙogwaro in za ta tatsa, can ƙasa-ƙasa. Ni kunnena na inji ne, ban ji komai ba. Ta ce, "Kuma ƙwaryar da ke kaina ranar nan ba nono a ciki. Tufafina ne. Da ta ƙetare, daga kasuwa motar Tajaye zan shiga."

Can na ce, "Shi ya ji ki?"

Ta ce, "Mutumin da ke gane kukan maraƙinsa tsakiyar kasuwa? Ya ji. Ina kallon hannunsa, igiya ta yi sako-sako tun kafin Wule ta tsaya. Da muka iso gida na sauke ƙwarya, ya zo ya ɗaga faifai, ya ga abin da ke ciki, ya mayar ya rufe. Ya ce, 'Yau nonon bai yi ciniki ba ke nan.' Na ce bai yi ba. Daga ranar har ya koma ga Allah, ba mu ƙara zancen ba."

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

To jama'a, ku ajiye kofuna mu ɗaga hannu. Allah ka jiƙan Baffa Sambo, ka yafe masa taurin kansa don taushin zuciyarsa. Bai taɓa sa ran wani cikin haɗari ba, ka tsare shi daga dukkan abin tsoro. Ka haskaka kabarinsa, ka ƙetarar da shi siraɗi cikin sauƙi, ka ba Inna Dije haƙurin rashinsa, ka sa albarka ga abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.